Laccar helikwaftan roba: yadda zai daɗe a sama

Assalamu alaikum jama'a, na baya ku ɗan matso dan abin da ke hannuna ƙarami ne. Kun gan shi dai, sanda ɗaya, farfela sama farfela ƙasa, roba a tsakiya, shikenan. Wani Bafaranshe Alphonse Pénaud ne ya fito da irinsa a 1870, kuma a 1878 Milton Wright ya kawo wa yaransa Wilbur da Orville tsarabar irinsa, suka yi ta wasa da shi har ya lalace suka ƙera nasu, amma da suka ƙara masa girma sai ya ƙi tashi da kyau, nauyi ya fi ƙarfin robar. Su ne fa suka tashi jirgi a 1903.

Toh tashi ba wuya, daɗewar ce aiki. Ƙarfin da ka murɗa cikin roba kamar ruwan tulu ne, iya abin da ka zuba ke nan, in ka tuntsurar lokaci ɗaya jirgin ya yi fiit ya bugi silin ya dawo. Mu so muke ya riƙa tsiyaya.

Fara da nauyi. Katakon balsa ake amfani da shi, yawanci daga Ekwado yake zuwa, in babu ku gwada hannu da tsakiyar kara irin wanda muke motar wasa da shi muna yara. Kuma gam na da nauyi wallahi, da bakin tsinke ake ɗiga shi. Farfela ku yi ta da faɗi ta riƙa juyawa a hankali, ta sama ta yi dama ta ƙasa ta yi hagu dan kar gangar jikin ta yi ta wulwulawa a banza.

Yanzu robar, nan na fi so ku saurara. Masu gasa ba robar ɗaure kuɗi suke sawa ba, akwai wadda ake kira Tan Super Sport. Kafin murɗi sai ka shafa mata silikon ko gilisarin da ɗan sabulu, ban da man inji, ban da basilin, cinye ta suke, haka rana ma. Sannan ba a jikin jirgin ake murɗawa ba, wani ya riƙe maka gefe ɗaya ka ja ta ta ninka tsawonta sau huɗu ko biyar, ka yi kusan rabin murɗin a haka, ragowar kana yi kana takowa a hankali har ta dawo tsawon sandar, za ka ga ƙulle-ƙullen sun jeru reras kuma ta ɗauki murɗin da da can da tuni ta tsinke. In ka gama ka warware kaɗan, saboda ƙarfin farkon nan mahaukaci ne, shi ke maka jirgi da silin.

In ya sauko da sauran murɗi da yawa robar ta yi siriri, in ta ƙare tun yana sama ya faɗo ta yi kauri. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji ka rubuta a littafi, murɗi nawa, sakan nawa.

Dan Allah a kashe mana fankar nan a rufe taga. Ƙanwata mai farin hijabi, zo ki riƙe min ƙugiyar nan, kai kuma ɗan'uwa buɗe agogon wayarka, sai na ce saki.