Sharhi: Ƙwayoyin da ke zaune a fatar dabbobinmu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya san mayankar Oko-Oba a Agege ya san yadda tireloli ke sauke shanu dare da rana, daga Arewa, wasu ma daga Nijar da Chadi. Dillali yana duba ƙiba da haƙori, mahauci yana duba nama. Amma a fatar kowace dabba akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Yawancinsu ba sa cutarwa, wasu ma suna tare wa masu cutarwa hanya, kuma har yau masana na gano waɗanda ba a taɓa raɗa wa suna ba.

Makiyayi ya daɗe da sanin kirci, ciwon da ke sa fatar saniya ta yi ɓawo, musamman da damina idan kaska ta yi yawa. Sai a 1915 wani likitan dabbobi, Van Saceghem, ya bayyana ƙwayar da ke haddasa shi a ƙasar Kwango, shi ya sa ake kiranta Dermatophilus congolensis.

Aikin gano sabuwar ƙwaya na buƙatar haƙuri. Ana goga auduga a fatar dabba, a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyi, a jira su tsiro, a ware kowace daban. A da, siffa da launi da irin abincin da ƙwayar ke ci ake dubawa. Yanzu ana karanta dukkan rubutun gadonta, wato bayanan halittar da ta gada da ake kira DNA, a kwatanta da na 'yan uwanta; idan kamannin bai kai kusan kashi 95 cikin 100 ba, ana ɗaukarta sabon jinsi. Kafin a amince da sunan kuma, sai an ajiye samfurinta mai rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, domin kowane masani ya iya bincikawa da kansa.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da nama da wannan? To, ga misali. Shekara da shekaru ana haɗa ƙwayar da ke yawan jawo ƙuraje a fatar kare da wata daban. Sai a 2005 aka raba su, aka kira ta Staphylococcus pseudintermedius, kuma an samu wasu irinta da manyan magunguna ba sa kashewa. Idan ba a san ƙwayar ba, allura ake ta dankara wa dabba da ka, kuɗi su tafi, ƙwayar kuma ta ƙara taurin kai.

A Legas lamarin ya fi kusa da mu, domin nan ana cin ganda sosai. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi kan cin ganda saboda cutar antiraks, wadda mutum ke iya ɗauka daga dabba, aka kuma tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Matasanmu da ke fiɗa da hannu tsirara su ne a sahun gaba.

Muna da cibiyar binciken lafiya a Yaba, da ta dabbobi a Vom. Ina ganin ya kamata su riƙa ɗaukar samfuri a mayankunmu a kai a kai, tunda dabbobin ƙasashe da dama a nan suke haɗuwa. Sarakunan fawa da shugabannin kara kuma, idan likita ya zo da audugarsa, don Allah a riƙe masa saniyar, sannan a nemi ya dawo da sakamakon, ya yi bayaninsa da Hausa.