Daga Ƙanƙara Zuwa Tururi: Yadda Ruwa Ke Sauya Kama

Ku dubi wannan ƙanƙarar. Yanzun nan na ciro ta daga firji na ɗora a faranti, kuma kafin mu gama magana za ta narke. In na juye ruwan a tukunya na hura wuta, sai ya tashi ya bi iska. Abu ɗaya ne da kama uku: daskararre, mai gudana, da mai bin iska.

Zafi ne kawai ya raba su. Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin ƙanƙara sun jeru sun riƙe juna gam, sai ɗan karkarwa a wuri ɗaya. Da zafi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, jerin ya warware, su shiga zamewa a jikin juna. A digiri 100 kuwa, sai su tsinke gaba ɗaya, ruwa ya tafasa. Wannan lissafin na bakin teku ne fa. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta danne ruwan sosai, saboda haka tun wajen digiri 96 yake tafasa.

Ruwa yana da wani hali da ya saɓa wa yawancin abubuwa: in ya daskare kumbura yake yi, da kimanin kashi 9 cikin 100. Shi ya sa kwalbar da aka cika taf take fashewa a firiza, shi ya sa kuma ƙanƙara ke yawo a saman kofi.

Amma abin da ya fi burge ni yana tsakar gida, a gindin randa. Ruwa ba sai ya tafasa yake zama tururi ba. Ko shanya ta isa shaida, ku tuna yadda kaya ke bushewa nan da nan da hunturu. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta kwashe shi. To, kowace ƙwayar da za ta tashi sai ta ɗebi zafi ta tafi da shi, kuma daga ruwan cikin randar take ɗiba. Sanyin da kuke ji ke nan a maƙogwaro. Gumi ma haka yake sanyaya jiki. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex a kan haka.

Hanyar komawa fa? Ku ɗaga murfin tukunya. Ɗigon nan da ke jikinsa tururi ne da ya taɓa wuri mai sanyi, ya saki zafinsa, ya koma ruwa. Haka raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba, haka gorar ruwan sanyi take yin gumi alhali ba ta yoyo.

Yanzu ku matso ku dubi bakin butar shayin nan. Farin abin da ke tashi ba shi ne ainihin tururin ba, ƙananan ɗigo ne da suka riga suka koma ruwa, irin na gajimare. Tururin gaske yana ɗan tsakanin nan, daf da bakin butar, inda ba ku ganin komai.