Faifan gilashin da ya kashe tukunyar dalma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ga ni a birnin Liyon na ƙasar Faransa, in kun ji muryata tana rawa to sanyi ne, tun asuba iska ke busowa daga kogi. Wannan lungun da na shigo sunansa rue de la Poulaillerie, wato layin 'yan kaji, yana tsakiyar gari tsakanin kogin Rhône da kogin Saône. Ƙofar da kuke gani a bayana ta gidan adana tarihin ɗab'i ce, an buɗe shi a 1964. Shekarata biyu a garin nan ina wuce ta, sai da kawuna ya matsa mini a waya sannan na shigo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya yi shekaru yana aikin jera haruffa a wata maɗaba'a a Zariya. Ina yaro ni ake aika in kai masa abincin rana. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne zafin wurin da warinsa. Injin da yake zama a gabansa, Linotype, ya fi mutum tsawo, kuma a jikinsa akwai tukunyar narkakkiyar dalma da ke kan wuta wuni guda. Madannansa 90 ne. Kawu na dannawa, ƙananan mazuban tagulla na gangarowa ɗaya bayan ɗaya, caras-caras, su jeru har su cika layi, sai injin ya tunkuɗa musu ruwan dalma, layin rubutu guda ya faɗo a daskare da zafinsa. Wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Ottmar Mergenthaler ne ya ƙera shi, jaridar New York Tribune ta fara aiki da shi a 1886. Ana ba su Kawu madara wai ta rage musu gubar dalma. Har yau akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama.

To, injin da ya zo ya kashe wutar tukunyar nan, a garin nan aka fara ƙera shi. Shi na zo in nuna muku.

Mutum biyu ne, René Higonnet da Louis Moyroud. Ɗab'i ba gadonsu ba ne, injiniyoyin kamfanin kayan wayar tarho ne. A 1944 suka shiga wata maɗaba'a a nan Liyon suka tsaya suna kallon yadda ake aiki. A lokacin an fara yayin bugun da ake yi da farantin da aka ɗora wa hoton shafi. Sai suka ga ana narka dalma, a zuba haruffa, a buga takarda ɗaya tak mai kyau, a ɗauki hotonta, a yi faranti daga hoton, sannan a mayar da dalmar tukunya. Duk wannan wahala don a samu hoto. Suka ce tunda hoto ake nema, me zai hana a ɗauki hoton haruffan kai tsaye? A 1946 suka nuna gwajinsu na farko. Faransa ta fito daga yaƙi, babu kuɗin irin wannan aiki, don haka suka ƙetara Amurka, garin Cambridge na jihar Massachusetts, inda suka samu masu ɗaukar nauyi. A 1949 aka nuna injin ga jama'a a birnin Niyok. A can ana kiransa Photon, a nan Faransa kuma Lumitype. Littafin farko da aka jera da shi ya fito a 1953, littafi ne a kan ƙwari.

Bari in matso da kyamara ku ga zuciyar abin. Kun ga wannan faifan? Gilashi ne, bai wuce faifan rufe ƙwarya girma ba. Baƙi ne wuluk, amma in na karkata kyamarar ta fuskanci fitila za ku ga ɗigo-ɗigon haske a jere. Haruffa ne. Faifan kamar nagatif ɗin hoto yake, ko'ina a toshe, jikin harafi kaɗai haske ke iya ratsawa. An jera su a da'ira takwas, wata cikin wata, kowace da'ira ta ɗauki salon rubutu biyu. Salo 16 ke nan, kowanne da alamomi 90, jimla 1,440. A zamanin su Kawu wannan durowa-durowa ne na ƙarfe da sai ƙarti sun ɗaga. Nan kuwa yaro zai riƙe shi da hannu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma shi ne sirrin saurin, faifan nan ba ya tsayawa. Da an kunna injin zai kama juyawa, sau takwas zuwa goma a daƙiƙa ɗaya, kuma haka zai yi ta yi har a tashi aiki. Injinan farko da wasu kamfanoni suka yi, irin su Fotosetter na Intertype, tsohon injin dalma ne aka cire wa tukunya aka sa kyamara a gurbinta, sai an kawo kowane harafi an tsayar da shi cak kafin a ɗauka. Duk abin da sai ya tsaya ya sake tashi, ya tsaya ya sake tashi, to akwai iyakar saurin da zai yi kafin ƙarfe ya gaji. Mutanen nan biyu suka bar faifai ya yi ta gudunsa, suka mayar da hankali kan lokacin da haske zai faɗo.

A bayan faifan akwai fitila mai walƙiya. A bakinsa kuma akwai wasu siraran tsagogi, kowane harafi da tasa, da wani idon lantarki da ke ƙirga su suna wucewa. A ce harafin m ake so. Injin ya san tsaga ta nawa ce tasa. Yana ƙirgawa, da m ta iso daidai saitin taga, sai fitila ta yi wal, ta mutu. Walƙiyar ba ta wuce 'yan ƙalilan daga cikin kashi miliyan na daƙiƙa ba. Kafin faifan ya matsa ko da kaurin gashi, an riga an ɗauki hoton.

Na san wannan yana da wuyar shiga kai, shi ya sa na dawo ɗaki in gwada muku. Ga fanka, na manna takarda mai harafi a kan kowane reshe. Na kunna ta. Me kuke gani? Hazo kawai. Yanzu zan kashe wutar ɗakin. Wannan kyamarar na aro ta wurin maƙwabcina saboda tana da filasha ta gaske, fitilar waya tana daɗewa a kunne, ba za ta yi ba. Ɗaya, biyu, uku. Ku duba hoton. Ga harafin nan tsaye ƙyam, gefensa tas, alhali fankar ba ta tsaya ba. Duk wanda ya taɓa zama a zaure da dare lokacin damina ya ga irin wannan: walƙiya ta haska, ka ga ɗigon ruwa a rataye a sama kamar an ɗaure su da zare.

Hasken da ya ratsa harafin sai ya bi ta cikin gilashin ƙara girma irin na bakin kyamara. Guda 12 ne a jere a kan wani abu mai juyawa, kowanne da girman da yake bayarwa, tun daga ƙananan rubutun ƙasan shafi har zuwa manyan haruffan kanun labari. Zane ɗaya, girma goma sha biyu. Daga nan hasken ya daki wani madubi da ke tafiya a kan dogo, madubin ya karkatar da shi kan fim ko takardar hoto. Da an ɗauki harafi, madubin ya matsa gaba daidai faɗin wannan harafin, ya jira na gaba. Layi ya cika, fim ya ɗaga sama, madubi ya koma farko.

Akwai wani wuri da aikinsu na waya ya yi musu rana. Kun lura a jarida ko littafi layuka suna ƙarewa daidai wa daida a gefen dama? Ba haka kawai yake faruwa ba. A Linotype wasu siraran ƙarafa masu kama da tsinke ake cusawa tsakanin kalmomi su buɗa layin har ya cika. A nan babu abin cusawa, sai lissafi. Mai aiki yana bugawa a tafireta, amma injin ba ya ɗaukar hoto tukuna, yana ajiye layin a ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaƙwalwar kuwa da irin makunnan nan masu ƙas-ƙas na ofishin haɗa layin tarho aka gina ta, kayan da suka saba da su. Kowane harafi yana da adadin faɗinsa, m mai faɗi ce, i siririya. Injin na tarawa. In layi ya kusa cika sai ya cire abin da aka tara daga tsawon layin, ragowar ya raba ta daidai tsakanin giɓin kalmomi, sannan ya fara walƙiya. Kafin nan in mai aiki ya ga ya yi kuskure zai iya gyarawa, tunda ba a taɓa fim ba.

Bayan haka sai ɗakin duhu, a wanke takardar kamar yadda masu hoto ke yi, a shanya, a yanka da wuƙa, a manna a kan allon shafi da kakin zuma, a ɗauki hoton shafin gaba ɗaya a yi faranti.

Sai dai faifan ma yana da iyakarsa: zagaye ɗaya, harafi ɗaya. Ya fi hannun kowane mai bugawa sauri, shi ya sa aka raba aikin, mutane da yawa suna huda tef ɗin takarda a teburansu, injin guda yana cinyewa. Amma da kwamfuta ta shigo sai aka ga faifan ne ke jan ƙafa. Sai suka juya dabarar. A injin da suka kira ZIP haruffan ne ke tsaye a kan allon gilashi, kowane harafi da tasa fitilar a bayansa, gilashin kyamarar ne ke zirga-zirga daga wannan gefe zuwa wancan, fitilu na ta walƙiya bi da bi. Babban ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya fara aiki da irinsa a 1964 don buga kundin sunayen binciken likitoci da yake fitarwa duk wata a wancan lokacin, yana zuba haruffa wajen 300 a daƙiƙa. Ku kwatanta da takwas ko goma.

Daga nan abin ya yi ta gudu. A 1965 Rudolf Hell na garin Kiel a Jamus ya fito da Digiset, wanda babu hoton harafi a cikinsa ko ɗaya, lambobi ne a ajiye, ana zana harafin da haske a fuskar kwalba irin ta tsohuwar talabijin. A 1976 kamfanin Monotype ya kawo mai zanawa da hasken leza. Jaridar New York Times ta kashe tukwanenta na dalma a watan Yulin 1978. Zuwa 1985 kwamfutar kan tebur ta fara karɓe aikin duka.

Ni dai ba na cewa komai riba aka ci. Maƙeran haruffa na da, kowane girma zanensa daban suke yi, ƙaramin harafi su ɗan buɗa shi su ƙara masa kauri don ido ya huta. Da aka koma zane ɗaya ana hura shi ana tsuke shi, wannan kulawar ta ragu. Haske kuma yana cinye kusurwa, yana mayar da tsini ya zama dunƙule. Adrian Frutiger, wani ɗan Suwizalan da ke aiki da kamfanin Deberny et Peignot a Paris, shi aka ɗora wa sake zana tsofaffin salon rubutu don su dace da faifan Lumitype, kuma cikin wannan aiki ne salonsa Univers ya fito a 1957.

Na daɗe tsaye a gaban faifan nan ina bin da'irorin da ido. Na ga é, na ga è, na ga ç, duk abin da Bafaranshe ke bukata. Ban ga ƙ ba, ban ga ɗ ba, ban ga ɓ ba. Abin da kuwa babu shi a faifai, haske ba zai rubuta shi ba. Da na dawo sai na kira Kawu.

Na ce, "Kawu barka da yamma, ya ƙarfin jiki?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi ɗana. Ka je ka gani?"

Na ce na gani, amma ban ga haruffanmu masu ƙugiya ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin da aka kawo musu injin haske, murna suka yi sosai. An sa shi a ɗaki mai sanyi, babu wuta, babu wari, mutum ya je aiki da farar riga ya dawo da ita fara. Amma a injin dalma suna da mazuban ƙ da ɗ da ɓ, sabon kuwa fim ɗin haruffan da ya zo da shi na Turanci ne zalla. Don haka in an wanke takarda ta bushe, sai ya zauna da alƙalami mai siririn baki da gilashin ƙara girma, ya bi layi-layi yana ɗora wa kowace k da d da b ƙugiyarta da hannu. Ku ƙirga sau nawa "ƙasa" da "ɗaya" da "ɓangare" ke fitowa a shafi guda. Ya ce in ka tsallake ɗaya, ƙura ta tashi sai ta koma kura ta tashi, ƙafa ta koma kafa. In aiki ya yi yawa kuma ana jiran bugu, wasu sai su bar su haka nan, mai karatu ya cika da kansa.

Na tambaye shi ko alƙalamin na nan. Ya ce yana cikin akwatinsa tare da gilashin, in na zo hutun sallah zai fito mini da su in ɗauka ku gani. Ya kuma ce in tura masa hoton faifan. Na tura. Bayan isha'i ya sake kira, ya ce hoton ya yi duhu, in koma gobe in ɗauko shi ta inda fitila ke ratsa haruffan, yana so ya ƙirga da'irorin da kansa.