Hirar Bakin Gareji: Datsun ɗin nan da maganar lita 3.1

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga Agege muke zuwa muku, ni da Bilya, ga kuma Oga Sale ya baro gareji ya zo. Kun riga kun san dalili. Tunda aka saka bidiyon Datsun 240Z ɗin nan a guruf, injinta a ƙasa an warware shi kaca-kaca, wayata ba ta huta ba. Oga, barka da zuwa.

Oga Sale: Barka kadai, Nura. Bilya, ya aiki?

Bilya: Alhamdu lillahi, Oga. Ni dai tun farko na faɗi ra'ayina a guruf, a ciro tsohon injin a dasa mata injin 2JZ na Toyota, a huta.

Oga Sale: Ka ji irin ta yaran yanzu. Mota ta fito tun 1969, ta yi shekara sama da hamsin da injinta, kai kuma ka ce a jefar? Wanda ya sayi 240Z ai kukan injin nan ya saya. L24 ne, silinda shida a jere, lita 2.4, ƙarfin doki 151 a takardar Amurka ta lokacin. In ka sa mata na Toyota za ta yi gudu, ban musa ba, amma ta tashi daga Datsun.

Nura: To mai motar dai ƙarin ƙarfi yake so. Ta ina ake farawa?

Oga Sale: Hanyar a buɗe take, masu wannan motar a Japan da Amurka sun daɗe da share ta. L24 ɗin ka wanke shi, ka shafe shi da mai, ka naɗe ka ajiye, don darajar motar na tare da shi. Sai ka nemo bulok ɗin L28, yayansa, lita 2.8, wanda ya zo a 280Z daga 1975. Har tsohuwar Nissan Patrol ta zo da shi. Faɗin silindarsa milimita 86, tafiyar fistin 79. Sai ka kai a yi masa bori, wato a faɗaɗa silinda, zuwa 89. Sannan ka nemo karanshaf na LD28, wato na dizal, mai tambarin V07, shi tafiyarsa 83 ce. Ka haɗa da rod ɗin L24 da fistin ɗin KA24, wani injin Nissan. In ka buga lissafi, lita 3.1 ke nan.

Bilya: Karanshaf ɗin dizal a injin fetur?

Oga Sale: Gida ɗaya suka fito, yana zama daram. Mital bakwai ke riƙe da shi. Amma kar ka yarda a ɗaura ba a yi masa balans ba, shi da fulawil da fulin gaba duka. Ƙarfe ne mai tsawo, in ya fara rawa a sama, ba zai yi maka sallama ba. Kuma bori har 89 ba kowane bulok ke ɗauka ba. Wanda ya sha ruwan famfo shekara da shekaru tsatsa ta ci shi ta ciki, sai an auna kaurin bango kafin a sa masa wuƙa.

Nura: Kuma V07 ɗin ana samu a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Mushin?

Bilya: Nura, ka taɓa jin an ce maka babu a Ladipo?

Oga Sale: Ba a faɗin wannan kalmar a Mushin.

Bilya: Sai dai a jawo maka benci a ce zauna Alhaji, yana sito, yanzun nan zai iso.

Nura: Ko ba ka je Makka ba, a ranar kai Alhaji ne.

Bilya: A kawo maka lemo mai sanyi. Yaro ya ruga, ya turo wani yaron, shi ma ya turo wani.

Oga Sale: Kuma wallahi sai ka ga an fito da abin! Ni da idona na ga an zaƙulo gilashin bayan Ijapa, wato Volkswagen Beetle, daga ƙarƙashin tarin bambobi, ko tsagewa babu.

Nura: Ijapa, Allah sarki. Wadda a da ake haɗawa nan Ojo, hanyar Badagry.

Oga Sale: Ita fa. Su a Ojo, Fijo 504 a Kaduna. A kan 504 na koyi aiki, maigidana Allah ya ji ƙansa, da kunne yake saita tayamin. Ya kan ɗora sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a kan mariƙin, ya ce da kai bawul na uku ne.

Bilya: Da shi aka tura Ladipo, da yaro ɗaya ya isa.

Oga Sale: Ai shi benci biyu ake jawo masa, ɗaya nasa, ɗaya na ƙafarsa.

Nura: Da lemo biyu. To Oga, mu dawo kan Datsun, lokaci na tafiya.

Oga Sale: Yauwa, ga inda nake so mai motar ya saurare ni da kyau. Kowa a guruf lita yake kira, 3.1, 3.1. Ƙarfin injin nan a tof silinda yake, wato murfin saman injin. Ka ƙara masa ciki ka bar hanyar iska yadda take, kamar ka sa ɗan dambe gudu ne da mura a hanci. Sai an gyara ramukan shigar iska, a sa bawul masu faɗi, a canza mazaunin bawul zuwa na ƙarfe saboda fetur ɗin yanzu ba shi da dalma, a sa kamshaf da ya dace. Sannan a zo kan kafireta. Tata ta asali guda biyu ce, ta Hitachi. Masu son ƙarfi Weber uku suke jerawa, ko Mikuni, kowace silinda da maƙogwaronta.

Bilya: Wannan kukan ne ke kashe ni, Oga.

Oga Sale: Ka ga ka dawo hanya. Amma ga inda Legas ta bambanta. Injin nan, shigar mai da fitar hayaƙi duk gefe ɗaya suke. Kafireta na zaune ne a saman bututun salansa. A buɗaɗɗiyar hanya iska na kaɗawa, lafiya lau. Ka shiga gosulon Oshodi da azahar, fetur ya tafasa a cikin kafireta, mota ta mutu, ka yi ta ba ta kii tana ƙi, 'yan danfo na danna maka hon. Dole a sa farantin tare zafi a tsakani, a naɗe bututun, a sa babban lagireto na alminiyam da fanka ta lantarki. Wannan kuɗin shi ne na farko da zan ware, kafin na Weber.

Nura: Wani mai sauraro daga Idi-Araba ya tambaya kan kwamfireshan, wato matsin da fistin ke yi wa iska da mai a silinda, ya ce ya ga ana kai shi 11.

Oga Sale: Da wane man? Su na Japan da Amurka suna da fetur mai ƙarfi a kowane gidan mai. Mu abin da famfo ya ba ka shi za ka sha. Daga kamfani 9 ta zo. Ni ba zan wuce 9.5 ba. In ka zarce, za ka fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani...

Bilya: Nokin.

Oga Sale: Kafin ka ankara ringi ya karye, fistin ya huje. Ni ƙarfin da nake so shi ne na ƙasa, wanda za ka taka a giya uku kan gadar Third Mainland ka ji ta manna ka da kujera, gobe kuma ta tashi da kii ɗaya.

Bilya: To birki fa? Bayanta ai ganga ce har yanzu.

Oga Sale: Wannan wata babbar magana ce, da kuloci, da...

Nura: Oga, an kira magariba. Mun yi alkawarin lissafin kuɗin aikin gaba ɗaya, ba mu ko taɓa shi ba.

Oga Sale: Da wannan canjin dalar, gara ma da ba mu fara ba. A bari sai na je na tambayo.

Bilya: Za a jawo maka benci.

Nura: Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya san inda V07 yake, ya yi magana a guruf. Bilya, kashe.