Sharhi: A Ceto Faya-fayan Gidajen Rediyonmu Tun Da Sauran Lokaci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan dukiyar da ke kwance a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo ne, tana lalacewa a hankali.

Tun 1962 gidan rediyon Kaduna yake watsa shirye-shirye, sashen Hausa na BBC kuwa ya fara tun 1957. A tsawon shekarun nan an naɗi jawaban Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da karatun malamai, da kiɗan fada, da hirarrakin manoma da 'yan kasuwa. Yawancinsu a kan zaren faifai aka naɗe su, shi kuwa zare ba ya jure zafi da laima. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon akwatin faifai ya san warin tsamin da ke fara bugun hanci. Wannan alama ce zaren ya soma ruɓewa. Wani kuma zai manne da juna, ana ɗora shi a kan na'ura sai ya tsinke. Na'urorin ma kusan an daina ƙera su, kayan gyaransu sun yi wuya, masu gyaran kuma sun tsufa. A da, saboda tsadar faifai, gidajen rediyo da dama sukan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kansa. Abin da ya tsira daga wannan, bai kamata mu bar wa gara da ƙura ba.

Haka takardun labarai da aka buga da tafireta, da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, da katunan gidan waya masu hoton ganuwar Kano da dalar gyaɗa.

Magani shi ne a juye su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, a kuma riƙe na asalin. Amma juyewa kaɗai ba ta wadatar. Muryar da ba a san mai ita ba, ba a san ranar da aka naɗe ta ko garin ba, amfaninta ga mai bincike kaɗan ne. Sau da yawa abin da ke jikin akwatin bai wuce kalma biyu da biro ya dushe ba. Waɗanda za su saurara su ce wannan wane ne, a fadar wane sarki, su ne tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya, kuma kullum raguwa suke yi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A ganinmu, da su ya kamata a fara: a gayyato su, a biya su haƙƙinsu, a zaunar da su tare da matasa masu aikin kwamfuta.

Wuraren da za su riƙe amanar muna da su. Ga Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can, ga CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai. Ɗakin karatu na Birtaniya ma yana ba da tallafin ceto irin waɗannan kayayyaki tun 2004. Muna kira ga shugabannin gidajen rediyo da gwamnatocin jihohi su ware wa wannan aiki kuɗi a kasafin baɗi, su fara da ƙirga faya-fayan da suka rage a hannunsu.