Me Ya Sa Aka Ce Mai Bi Ya Sa Ran Wahala?

A shekara ta 250, sarkin Roma mai suna Desiyus ya kafa doka: kowa a daular ya je ya miƙa hadaya ga alloli a gaban hukuma, a ba shi takardar shaida. Har yau akwai irin waɗannan takardu da aka tono a Masar, da sunan mutum da sa hannun jami'ai. Ga yawancin jama'a, abin bai wuce a bi layi a koma gida ba. Ga Kirista kuwa, musun Ubangijinsa ake nema ya yi a bainar jama'a.

To, me ya faru? A birnin Kartaj da ke Afirka ta Arewa, bishop Sifriyan ya rubuta cewa masu bi da yawa ba su ma jira a kama su ba, da ƙafarsu suka tafi miƙa hadayar. Wasu suka ba jami'ai kuɗi, aka ba su takardar ba su yi hadayar ba. A ganinsa, dogon zaman lafiya ne ya sa ikkilisiya ta saki jiki, tsanani ya zo ya same ta ba shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin mamakin shi ne an riga an gaya musu. Yesu bai ɓoye wa almajiransa kome ba. A Yohanna 15:20 ya ce bawa bai fi ubangidansa ba, in sun tsananta masa, su ma za a tsananta musu. A misalin mai shuka, Markus sura 4, akwai irin da ya faɗa kan dutse. Shi ne ya fi saurin tsirowa, ya karɓi maganar da murna, amma ba shi da saiwa, rana na bugunsa ya yanƙwane. Ku lura, ranar da ta ƙone shi ita ce ta haska sauran gonar. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa.

Bulus ma haka ya koyar. A Listira aka jejjefe shi, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Ya tashi, daga baya ya sake komawa wannan garin, ya ce wa sababbin masu bi sai ta wahala mai yawa za a shiga Mulkin Allah. Ku duba fa, mutane ne da ba su daɗe da ba da gaskiya ba, da wannan maganar aka ƙarfafa su. Yau mai wa'azi nawa ne zai fara da ita?

Sai dai a nan wasu ke kuskure. Sa ran wahala daban, neman ta daban. Yesu ya ce a Matiyu 10:23 in an tsananta muku a wannan gari, ku gudu zuwa wani. Bulus ya tsere daga Dimashƙu a cikin kwando, a Urushalima kuma da za a yi masa bulala, ya tuna musu shi ɗan Roma ne. Sifriyan kansa ɓuya ya yi a zamanin Desiyus, yana kiwon ikkilisiyarsa ta wasiƙu, har wasu suka yi masa gori. A 258, lokacin sarki Baleriyan, bai gudu ba, aka fille masa kai.

Akwai kuma gargaɗin Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura 4: kada wani ya sha wuya don kisa ko sata ko shisshigi, sa'an nan ya ce don sunan Almasihu ne. Wanda aka kora a aiki saboda ha'inci, hukuncinsa ya samu. Wanda aka kora don ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, ko wadda danginta suka juya mata baya saboda bangaskiyarta, su ne Bitrus ke ce wa kada su yi mamaki kamar wani baƙon abu ne ya same su.

Jimiri kuwa ba ya hana kuka. Yesu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, in mai yiwuwa ne.

Waɗanda suka faɗi a Kartaj fa? Gardama ta kaure a kansu, wasu na cewa sun fita har abada. A 251 bishop-bishop suka taru a birnin, suka yanke cewa akwai hanyar dawowa ta tuba. Waɗanda suka sayi takarda za a karɓe su da wuri, waɗanda suka miƙa hadayar kuwa su ci gaba da tuba, sai a bakin mutuwa za a karɓe su.