Takardar kotu ba ta ƙarƙashin katifa ba ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, malam liman, iyayenmu mata da ke can baya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa na Kano da Damagaram da Maraɗi da Nima da Kumasi mazauna nan New York, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi. Minti goma aka ba ni, in na ɗan zarce ku yi min uzuri, maganar ta daɗe tana cina a rai.

Watan jiya wani ɗan'uwanmu, ba zan faɗi suna ba kuma don Allah kar a fara waige-waige, ya kira ni wajen ƙarfe biyun dare ina kan aiki da mota. Na iske shi a bakin titi shi da maiɗakinsa da yara uku, kayansu cikin baƙaƙen ledojin shara, ƙaramar ta ƙanƙame jakar makarantarta tana gyangyaɗi a tsaye. Tun da rana mashal, jami'in da ke zartar da umarnin kotu na fitar da ɗan haya, ya zo ya canza makullin gidan, amma bawan Allah nan ya kasa kiran kowa sai da sanyi ya fara taɓa yaran. Na ce ina takardun da aka aiko maka, ya zaro ambulan huɗu daga aljihun jaket, biyu ko buɗe su bai yi ba, ta farkon ta yi wata biyar. Wata biyar fa jama'a! Kuma duk Juma'a sahu ɗaya muke, in ce ya gida ya ce lafiya lau alhamdulillah, kuɗin ƙungiya bai taɓa fashin biya ba.

A daren na kai su PATH, nan titin 151 a Bronx ɗinmu, inda birni ke karɓar iyalai masu yara da suka rasa wurin kwana, a buɗe yake dare da rana. An ba su wuri. Amma wallahi da wata biyar ɗin nan ya buɗe baki, ina kyautata zaton yau yana cikin ɗakinsa.

Mu Hausawa abin da muka fi roƙo wajen Allah shi ne rufin asiri, ni ma shi nake roƙo kullum. Sai dai a garin nan in ka tura takarda ƙarƙashin katifa ka yi shiru, kwanakinta ba su daina tafiya ba. Ku ji yadda abin yake a New York. Mai gida ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa, in ka kai kwana 30 a gida ba zai canza maka makulli ko ya watso kayanka waje ba, in ya yi shi ne ya karya doka. Sai ya fara ba ka takardar neman kuɗin haya ta kwana 14, sannan ya kai ka kotun gidaje, tamu tana nan 1118 Grand Concourse, in takardar kotu ta zo kana da kwana 10 ka je ka amsa, in ba ka je ba alƙali zai yanke a bayan idonka, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ba don ba mu da gaskiya ba, don tsoron kalmar kotu kawai. Tun 2017 birnin nan ya yi dokar bai wa ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta, kuma ba ruwansu da ko kana da takardun zama ko ba ka da su. Layi akwai tsawo, lauyoyin aiki ya musu yawa, wannan gaskiya ne, shi ya sa nake cewa a je da wuri.

Bashin hayar kansa akwai inda ake nema. HRA, hukumar jin daɗin jama'a ta birnin nan, suna da abin da suke kira One Shot Deal, su biya maka bashin a karo ɗaya, wani lokaci ka riƙa mayar musu kaɗan-kaɗan, za su so su ga dalilin da ya sa ka makara da kuma yadda za ka ci gaba da biya nan gaba. Akwai ofisoshin Homebase, aikinsu ke nan, su tare mutum kafin ya kai ga shelta, wato masaukin marasa gida. In Turanci ne matsala ka ce a ba ka tafinta, ko ka zo mu haɗa ka da ɗaya cikin yaran nan namu da suka yi makaranta a nan, su da waya a hannu kafin ka shanye shayi sun cike maka fom.

Abinci kuma, iyayenmu mata ku kun fi mu sanin wannan, ku ne kuke ƙara wa miya ruwa a ƙarshen wata ba ku gaya wa kowa ba. Yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, ana iya nema masa fud stam, wato tallafin sayen abinci na gwamnati, ko da uwa da uba ba su cancanta ba. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙasa da shekara 5 akwai shirin tallafin abinci na WIC. Makarantun gwamnati na birnin nan abincin safe da na rana kyauta ne ga kowane yaro. Na san abin da ke ran wasu, tsoron kar karɓar taimako ya ɓata musu maganar giringad, katin zama na dindindin. Tsoro ne mai dalili don dokokin suna ta juyawa, amma a kai tambayar wajen lauyan shige da fice, kar a ɗauki fatawa daga murya ta minti bakwai da wani ya turo a grup ɗin WhatsApp.

Sai maganar ɗumi, wannan kam ina roƙonku da girman Allah ku saurara. Duk wanda yake garin nan ranar 9 ga Janairun 2022 bai manta gobarar Twin Parks a titin 181 ba. Mutum 17, takwas yara ne, akasarinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan Gambiya, da yawanmu mun tsaya a sallar jana'izar. Hitar lantarki ce ta tayar da wutar. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole ne mai gida ya ba da ɗumi, da rana in waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Fahrenheit ɗaki ya kai 68, da dare kar ya gaza 62. In bai bayar ba ka kira 311, lambar kai ƙorafi ta birni, kar ka kunna murhun girki ka bar shi a buɗe ku kwanta da yara. Wanda bil ɗin wuta ko gas ya taru masa akwai HEAP, tallafin gwamnati na kuɗin ɗumama gida, da ake buɗewa da shigowar sanyi, kuma kamfanin kansa in ka kira kafin su yanke suna yarda a tsara biya a hankali.

To yanzu mu dawo kanmu. Shugaba, ka yafe ni, amma zan faɗa. In aka yi rasuwa a cikinmu kafin la'asar mun tara kuɗin kai gawa gida, Allah ya saka da alheri, abu ne mai kyau kuma ba na so a rage ko dala ɗaya. Suna da biki ma ba a bar mu a baya ba. Amma mai rai da aka biyo bashin haya wata biyu ba mu da ko sisi da muka ware dominsa. Malam liman yana nan ya gyara min in na yi kuskure, a Baƙara Allah ya ambaci mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa nacin roƙon mutane. Su ne a ɗakin nan, wasu ma da babbar riga mai aiki.

Shawarata mu ƙara dala 10 a kan kuɗin wata, a ware ta daban, haya da wuta da abinci kawai. Ba za ta biya bashin kowa duka ba, amma za ta riƙe mutum sati biyu ukun da ake jiran amsar ofis. Kuma mutum uku kaɗai su san wanda ya karɓa, mace ɗaya dole a ciki don akwai maganar da Hajiya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ba karanta suna a taro, ba saka hoto a grup. In labari ya fita sau ɗaya to shi ke nan, ba wanda zai sake zuwa.

Bayan addu'a zan tsaya a bakin ƙofa, ba sai kowa ya ce min komai a gaban mutane ba, lambata tana wajen kowa. Wanda yake da ambulan a gida da bai buɗe ba ya ɗauki hotonsa ya turo min yau da dare, Litinin da safe ina da mota, mu tafi Grand Concourse tare. Shugaba, ina roƙon a ɗaga hannu kan dala goman nan kafin a raba abinci. Wassalamu alaikum.